Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Malaman Addini Na Rundunar Sojan Ƙasa Ta Amurka: 'Ya'yanmu Na Isowa Bayan Motar Sansani Ta Tashi

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni matar soja ce, haifaffiyar Najeriya. Maigidana saje ne a rundunarku, muna zaune da 'ya'yanmu a wani bariki da ke kudancin Jamus. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sansanin matasa da ake kai 'ya'yan sojoji duk shekara ta hannun majami'un bariki. Aikin yana da kyau, ba ni da ja a kan wannan. Damuwata ita ce, yaran da suka fi kowa buƙatarsa su ne suka fi rasa shi, kuma maganin abin yana hannunka.

Ka fi ni sanin tarihin. Aikin da kake shugabanta ya girmi ƙasar kanta, domin tun 1775 aka sa malaman addini cikin runduna. Amma faston soja ɗaya da ke ɗauke da bataliya guda, ga masu rikicin aure, ga masu makoki, ga marasa lafiya, ba shi da sararin zama da ɗan shekara 14 ya ji abin da ke cin sa. Wannan giɓin ne ƙungiyoyi suka shigo suka cike. A 1980 Young Life da Youth for Christ suka haɗa hannu suka kafa aikin da yara suka sani da Club Beyond. Cadence International kuwa tun 1954 take hidima tsakanin sojojin Amurka da ke ƙasashen waje, daga baya ta buɗe ɓangaren matasa. Ma'aikatansu ne za ka gani a bakin filin ƙwallon makaranta cikin sanyin Oktoba, su ne ke tara yara da yamma a ci abinci, a yi wasa, a rera waƙa, a buɗe Littafi Mai Tsarki. Da yawansu da gudummawar ikilisiyoyi da ta ɗaiɗaikun mutane daga gida suke rayuwa. Allah ya saka musu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sojan da ya zo Jamus da iyalinsa yakan yi wata 36, sannan a ɗaga shi. Galibin canjin wurin aiki kuma tsakanin Mayu da Agusta ake yin sa, don kada a katse wa yara karatu. Babban sansanin matasa shi ma a wannan tsakanin yake faɗowa, da zarar an rufe makaranta. Rajista kuwa tun watanni kafin nan ake buɗe ta, har ta cika. Yaron da jirginsu ya sauka Ramstein ko Frankfurt a tsakiyar Yuni, sai dai ya ji labari.

Ina so ka ga yaron nan kamar yadda nake ganin irinsa kowace shekara. Yana ɗakin masaukin baƙi na bariki tare da iyayensa da ƙannensa biyu, akwatuna jibge har bakin taga, kejin kare a lungu. Kayan gidansu suna cikin jirgin ruwa, motarsu ma haka, sai bayan makonni. Uban ya fita tun sassafe yana zagayen ofisoshi da takardu. Uwar na neman gida da makaranta. Shi kuwa yana kwance rigingine da waya a hannu, yana jiran abokansa na can gida su farka, domin tsakaninsa da gabashin Amurka awa 6 ne, da Teksas awa 7. Sai rana ta yi nisa a nan kafin wani ya amsa masa. Makaranta ba za ta buɗe ba sai ƙarshen Agusta. Wata biyu ke nan babu wanda ya san sunansa in ban da 'yan ɗakinsu. Kuma ba wannan ne karon farko ba: ɗan soja yakan canza makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama sakandare.

Duk manomi ya san dashe. Ruwan kwanakin farko shi ke sa ya kama, wanda aka zuba bayan ganye ya yi yaushi aikin banza ne.

Kuma ba a rasa mai shayarwa, sai dai wane iri. A Amurka sai mutum ya kai 21 ake sayar masa da giya. A nan Jamus ɗan shekara 16 yana shiga kanti ya sayi burkutun Turawa ba wanda zai tambaye shi. Tuƙin da yake sa rai zai fara a 16 kamar tsaransa na gida ya gagara, amma jirgin ƙasa na nan, zai kai shi kowane gari ya dawo da shi kafin dare ya raba. Ban ce Jamus lalatacciyar ƙasa ce ba. Na ga tarbiyya a gidajen maƙwabtanmu Jamusawa da ta burge ni. Abin da nake cewa, yaron da kaɗaici ya dama zai bi duk wanda ya fara ce masa “zo mu je”.

Me sansanin ke yi da har nake wannan naci? Abu na farko da yarana suka ambata, ba wa'azi ba ne. Cewa suka yi a can babu muƙami. A bariki kowane yaro ya san igiyar ubansa, ya san unguwar hafsoshi dabam take da ta sauran sojoji, ya san idan ya yi laifi maganar na iya kaiwa teburin kwamandan babansa. Wannan nauyi ne da yaran gari ba su san shi ba. A sansani 'yar kanar da ɗan kofur layi ɗaya suke bi da faranti, tare suke wanke tukwane. Ana karɓe wayoyi a jaka tun a mota. Kwana ɗaya ana ƙunƙuni, rana ta biyu an manta. Da dare, bayan waƙa da addu'a, kowane ɗaki ya zauna da shugabansa, a nan ne baki ke buɗewa. A Fabrairun 2022, lokacin da aka kwashi sojoji daga barikin Vilseck na nan Jamus zuwa Romaniya ana gab da yaƙin Yukren, yara da yawa sun haɗiye tsoronsu don kada su ƙara wa iyayensu mata damuwa. Waɗanda suka girma a kusa da Landstuhl kuma sun san irin sojojin da suka ji rauni da babban asibitin soja na wurin ya karɓa daga Iraƙi da Afganistan. Irin wannan ba a faɗar sa a teburin cin abinci. Ana faɗar sa a gaban wasu yara bakwai da suka san ɗanɗanonsa.

Roƙona, ranka ya daɗe, a miƙa yaro hannu da hannu. Runduna tana haɗa kowane soja mai zuwa da wanda zai tarbe shi, kuma akwai irin wannan tsari na matasa a cibiyoyin yara na bariki. Me zai hana majami'u su shiga ciki? Idan takardar canjin wuri ta fito, faston barikin da ake bari ya tambayi iyaye ko sun yarda a sanar da na can. Idan sun yarda, ma'aikacin matasa ya tuntuɓi yaron tun bai taso ba, a kuma riƙe wasu kujeru a motar sansani musamman don sababbin zuwa. Wanda duk da haka bai riski na bazara ba, a shirya masa gajeren sansani na ƙarshen mako a Satumba ko Oktoba. Wuri ba matsala ba ne, ga masaukin rundunar nan na Garmisch a gindin tsaunuka. Haka nan mai tafiya: kada yaro ya miƙa rayuwarsa ga Almasihu ranar Juma'a a sansani, Laraba ya hau jirgi zuwa Koriya ko Kansas, babu wanda ya san ya yi. Saƙo ɗaya zuwa majami'ar da zai tarar ya isa.

Sai kuɗi. Ƙaura tana cinye aljihu, ko da gwamnati za ta mayar da wani abu daga baya. Ƙaramin soja mai matasa biyu, ga kuɗin ajiyar haya, ga kayan sanyi, ba zai tashi ya ce ba shi da na sansani ba. Zai ce yaran ba sa so. A ware wani kaso daga baikon majami'a, a bayar cikin sutura, ba tare da yaro ya cika takardar da za ta tona asirin gidansu ba.

Akwai kuma rashin daidaito tsakanin barikoki. Yankin Kaiserslautern, inda Amurkawa suka kai kusan 50,000, ba ya rasa ma'aikata da masu sa kai. Ƙananan barikoki kuwa, ma'aikaci ɗaya ya tafi, shi ke nan an rufe shago sai an samo wani, kuma samowar kan ɗauki lokaci saboda takardun izinin zama da binciken da ake yi wa duk mai aiki da yara. Binciken dole ne, kada a sassauta ko kaɗan. A dai fara shi da wuri, tun kafin na da ya ɗaure kayansa.

Wata magana da wataƙila ba ta cika zuwa kunnenka ba. A rundunarka akwai iyaye irinmu da suka fito daga Najeriya, Gana, Kamaru da sauran wurare. Mu ba baƙin sansani ba ne. Ni kaina a tarukan hutu na FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta Najeriya, na girma. Amma a wurinmu 'ya mace ba ta kwana a waje sai uwa ta san wadda za ta kwana kusa da ita. Takardar sa hannu da aka turo ta imel ba ta kwantar mana da hankali. Zumunci a ƙafa yake. Ma'aikaciya ta tako gida, ta sha ruwa, ta faɗi yadda aka raba ɗakunan maza da na mata, manya nawa ne a kan yara nawa, wa za a kira in wani abu ya faru. Rabin awa ne, amma yana iya zama dalilin da za a bar yarinya ta je.

Daga ƙarshe, ofishinka na kowa ne, da Kirista da Musulmi da Bayahude da wanda ba ya bin komai, kuma tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗora wa mutum addini. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, domin na fito daga inda muka ga abin da rikicin addini ke haifarwa. A faɗa wa iyaye ƙarara cewa sansanin na Kirista ne kuma za a yi wa'azin bishara. Kada a kira shi yawon shan iska kawai. Yaron da ya bi abokinsa ya zo, ya ji, bai karɓa ba, a rabu da shi lafiya, mako mai zuwa kuma a tarbe shi da fara'a. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi su ma a ɗakin masaukin nan suke sauka da akwatunansu, su ma a tanadar musu nasu ta hannun limamansu.

Takardun canjin wuri na bazara mai zuwa za su fara fitowa nan da 'yan watanni, rajistar sansani kuma ba za ta jira kowa ba. Ina roƙon umarninka ya isa majami'un Turai kafin a buɗe ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Taka cikin girmamawa,
Wata uwa, matar soja, daga kudancin Jamus