Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli Kan Lafiyar Itatuwanmu Na Gado

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wata kaɗanya ce a gonar mahaifinmu ta sa na ɗauki alƙalami. Tun ina yaro mahaifiyarmu ke sammakon tsintar 'ya'yanta da damina, ta shanya ƙwarar, ta daka, ta fitar da man da zai kai mu baɗi. Bana na tarar kauci ya rufe mata kai, manyan rassa uku sun bushe ƙayau, abin da aka tsinta bai cika ƙwarya biyu ba. Na tambayi maƙwabta ko wani malamin gandun daji ya taɓa leƙo itatuwansu, suka ce ba su taɓa ganin kowa ba.

Kauci dai namu ne, ana ganin sa da ido, da gatari ma ana rage shi. Abin da ke hana ni barci shi ne cutar da za ta shigo daga waje ba wanda ya san ta.

Ranka ya daɗe, a gabashin Amurka akwai wata bishiya mai suna cesnat, wadda a duwatsun Appalachia take kamar yadda ɗorawa take a wurinmu. Talakawa na tsintar 'ya'yanta su ci, su sayar, dabbobinsu su yi ƙiba da su. Katakonta ba ya ruɓewa da wuri, da shi ake gini da shinge da turakun waya, ana kuma jima da sinadarin jikinta kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. A 1904 aka lura cewa na gidan namun daji na Bronx, a birnin New York, suna bushewa. Wata irin funfuna ce ke shiga ta inda ɓawo ya ji rauni, ta zagaye kututturen, ta toshe hanyar abinci, duk abin da ke sama ya mutu. Ta zo ne a jikin dashen cesnat da aka yi ta shigowa da shi daga Japan. Itatuwan Asiya sun saba da ita, na Amurka ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Jihar Pennsylvania ta kafa kwamiti a 1911, aka yi ta sara ana ƙonawa, a banza. Dokar tsare shuke-shuken waje ta 1912 ta zo bayan ɓarna ta yi nisa. Kafin 1950 an rasa itatuwa sama da biliyan 3.

Har yau saiwar na nan da rai. Takan yi toho, ya ɗan tasa, cutar ta sake kashe shi. Tun 1983 wata gidauniya ke auratayya tsakaninta da irin ƙasar Sin don samo mai juriya, amma dajin bai dawo ba. Ƙasar da ke da kuɗi da masana ke nan.

Waɗanda suka shigo da dashen nan ba mugaye ba ne, masu son itace ne. Wannan ne ya fi tsorata ni, domin mu ma kowace damina muna raba dashe dubbai, a aikin Babbar Koriyar Ganuwa na tare hamada da bukukuwan dashen itatuwa, ga masu lambu na sayo mangwaro da dabino daga ƙetare. Wa ke duba su? Mun ga yadda tsutsar tumatir mai asali daga nahiyar Kudancin Amurka ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016. Tumatir kuwa wata uku ne, a sake shukawa. Kaɗanya sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya.

Roƙona, ranka ya daɗe, kada dashen da ya ƙetaro iyaka ya shiga aikin gwamnati sai hukumar NAQS, mai killace tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su ƙasa, ta tsare shi ta tantance, ku zauna da ma'aikatar noma a kan haka. Cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan tana ƙarƙashinka. A ba ta kuɗi da mota ta zagaya Arewa ta duba kuka, ɗorawa, kaɗanya, gawo, tsamiya da kanya, a san mai lafiya da maras lafiya. A tara irinsu daga yankuna daban-daban a adana, domin in annoba ta zo, a cikin bambancin nan ake samun mai tsira. A kuma sanar ta rediyo, da Hausa, inda manomi zai kai rahoto in ya ga itace na bushewa ba dalili. Matan da ke tsintar ƙwara da kalwa su ne za su fara gani, a fara da tambayar su.

Na sa an sare kaucin da ke kan kaɗanyarmu, muna jiran mu ga ko za ta yi toho.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani manomi daga Arewa