Zuwa ga Mamana, kan zaman jiran admishan

Assalamu alaikum Mamana,

Da fatan kin wuni lafiya, ya jikin Hajiya, Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi. Ummanki ce ta ce min kwanan nan ba kya cin abincin kirki, waya kullum a hannu kina shiga CAPS, shafin JAMB na duba admishan, kina fita har tsakar dare, kuma wai tunda ƙawarki ta ga nata ya fito kika shige ɗaki kika daina magana da kowa. Na so in zo in same ki amma na san halinki, in na zauna a gabanki sai ki sunkuyar da kai ki ce ba komai Abba, shi ya sa na ce bari in rubuto miki ki karanta a tsanake.

Naki aikin dai kin gama shi. Kin zauna JAMB da Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kiredit ɗinki biyar sun cika har da Lissafi, kin je Zariya kin yi Post-UTME, jarrabawar tantancewa ta jami'a, don neman karatun likitan dabbobi, to abin da ya rage ba a hannunki yake ba kuma ba a hannuna yake ba. Jami'a ba ta sakin sunaye a lokaci guda, kashi-kashi take yi, kuma a jami'o'in tarayya tsarin shi ne kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suke, 35 na 'yan jihohin da ke yankin makarantar, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Kin ga ke nan wanda sunansa bai fito a zubin farko ba, ba wai an yar da shi ba ne. Ita ƙawarki ma ai ba kwas ɗaya kuka nema ba, karatun likitan dabbobi ba a ɗibar mutane da yawa saboda ɗakunan gwaji da asibitin koyarwa ba sa ɗaukar taro, don haka dan Allah ki daina auna naki da nata.

Ga abin da nake so ki yi. Ki tabbata sakamakonki na WAEC ya hau shafin JAMB da kyau, don yara da yawa makinsu ya kai amma wannan ɗan abin ne yake tsayar da su, in kina kokwanto ki sa yayanki ya raka ki cibiyar da aka yi miki rajista a duba. Bayan haka sau ɗaya a rana ya isa, da safe bayan kin karya, ki duba ki ajiye wayar. Kada ki ba kowa lambar sirrinki, ko mai kafe ne ke za ki danna da hannunki. In kuma wani ya kira ki ko ya turo saƙo wai yana da hanya a ofishin admishan a turo kuɗi, ki ba shi lambata kawai. Ɗan wani abokina a wurin aiki haka aka yi masa, aka karɓi kuɗin aka ba shi takarda mai hatimi da komai, da ya je rajista aka ce babu sunansa, wayar mutumin kuma daga ranar a kashe. Tun 2017 da aka kawo CAPS duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma ranar bautar ƙasa abin yake tashi, lokacin da mutum ya riga ya zuba shekarunsa.

Sai abu ɗaya da nake so ki riƙe sosai. Zai iya yiwuwa ki buɗe ki ga sun ba ki wani kwas daban, ko kimiyyar dabbobi ta ɓangaren noma ko wani abu makamancin haka. Kada ki danna karɓa don murna, kada kuma ki danna ƙi don fushi, ki kira ni mu zauna tukuna, domin in kin karɓa to na bana ya rufe ke nan. Ba na raina kowane kwas wallahi, amma wanda ya karanci kiwo ba shi ne likita ba, hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ba za ta ba shi lasisin yi wa dabba tiyata ba, gara ki san abin da kike karɓa da idonki a buɗe.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɗauki waya. Na ji maganganun da aka yi ranar sunan nan, wai 'yar gidan wane za ta zama likitar akuya, wai me ya sa ba a canza miki zuwa aikin jinya ba tun ana canjin kwas, kuma na san maganar ta shige ki fiye da jiran kansa. Ni ban yi musu da kowa a wurin ba don manya ne, amma ke zan faɗa miki abin da na sani.

Ki tambayi Hajiya labarin bushiya. Cuta ce da take shiga garke ta bar makiyayi da sanda kawai, ta yi ɓarna a ƙarshen ƙarni na 19, ta sake dawowa Arewa a farkon shekarun 1980, mutanen da suka kwana da shanu ɗari suka wayi gari ba su da na tatsa. A 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya gaba ɗaya, kuma bayan cutar agana ita ce ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita. Su wa suka yi wannan aikin? Waɗannan dai da ake kira likitocin akuya, su da ma'aikatansu da suke bin ruga-ruga da allurar rigakafi a cikin akwatin ƙanƙara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tun 1924 take, har yau can ake haɗa rigakafin da muke yi wa kaji da shanu. Murar tsuntsaye kuma da idona na gani a 2006, kina ƙarama ko ma ba a haife ki ba, wani maƙwabcinmu mai gidan gona a bayan gari aka zo da fararen kaya da takunkumi aka kashe kajinsa kaf aka haƙa rami aka binne, yana tsaye yana hawaye, kasuwar ƙwai ta mutu a Kano har mai shayi sai da ya ji a jikinsa. Abin da zafi, amma da ba a yi hakan ba da abin ya fi haka muni.

Kuma ko naman da muke ci. Ki je Abbatuwa da asuba ki ga likita da wuƙarsa yana bin shanun da aka feɗe, ya tsaga hanta ya matsa, sai ki ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suna fitowa, ya ture ta gefe, ya shafa huhu ya ji ƙulli-ƙulli ya ce wannan ba za ta shiga kasuwa ba, mahauci yana roƙo yana rantsuwa shi kuma ya tsaya a kan bakansa. Tarin fuka yana tsallakowa daga saniya zuwa mutum, bakkale yana bin nonon da ba a dafa ba, haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Duk wanda ya tare waɗannan tun suna jikin dabba ai rayukan mutane ya tsare, ko da mutanen ba su san sunansa ba.

Kasancewarki mace kuma ni a wurina ƙarin dalili ne. Wa yake kiwon awaki da tumaki da kaji a cikin gidajen Kano? Mata ne. Da kuɗin akuyar nan ake yi wa yarinya kayan ɗaki, da shi ake biyan kuɗin makaranta in maigida ya gaza. Amma gidajen ba a shiga, in akuya ta kasa haihuwa sai a jira yaro ya dawo daga makaranta ya kinkime ta, ko a aika kemis a sayo kafso na mutane a ɗura mata, kafin a kai ga mai ilimin abin ta mutu da 'ya'yan a ciki. Ke kuwa sallama kawai za ki yi ki shiga har kurya, ki zauna a tabarma ki yi wa matar bayani da harshen da take ji. Gwamnatin tarayya ma a 2024 ta ware wa harkar kiwo ma'aikata guda, ban ce miki aiki yana jiranki a ofis ba, amma gonakin kaji da masu turkar shanu da ragunan layya ba za su ƙare a ƙasar nan ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Shekara 6 ne in ba yajin aiki, kuma likitan mutane jiki iri ɗaya yake karanta, ke kuwa sai kin san na saniya da doki da raƙumi da kare da kaza, kowanne da cikinsa da adadin maganinsa, ga mara lafiyar ba ya faɗin inda yake masa ciwo, wani ma harbinki zai yi. Akwai wari, akwai jini, akwai sa hannu har kafaɗa a cikin saniya. Son kyanwar gida daban, wannan daban. Shi ya sa nake ganin wannan zaman da kike yi bai kamata ya tafi a kallon waya ba. Asibitin dabbobi na Gwale ba shi da nisa da gidan Hajiya, na yi magana da wata likita da take duba min raguna in sun ƙi cin abinci, ta ce ba damuwa ki riƙa zuwa kina kallo kina miƙa mata kaya. Ki je da littafi ki rubuta abin da kika gani, sammore ne ko zawo ko kumburin ciki, me aka tambayi mai dabbar, me aka ba ta. In kin yi wata guda kina dawowa da warin awaki a hijabinki kuma gobe kina ɗokin komawa, to ni da ke mun san amsar, duk mai magana ya yi ta yi. In kuma kika ji ranki bai kwanta ba ki faɗa min kai tsaye, ba zan ji haushi ba, gara yanzu da a aji uku.

In Allah bai sa na Zariya ya fito bana ba, hanya ba ta ƙare ba. BUK ma tana da tsangayar likitan dabbobi a nan gida, akwai Sakkwato, akwai Maiduguri. Akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, a kwalejin CAS ta nan Kano, ki nemi shiga aji biyu kai tsaye, ko ki sake zama JAMB da shiri mai kyau, ni zan biya fom ɗin da kuɗin lesin ba tare da na yi miki gori ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama Mamana. Maganar kuɗin makaranta kuma ki cire ta daga ranki, ragunan da na turke ai da sunanki na turke su.

Ki ci abinci dan Allah, ki taya Hajiya hira da daddare maimakon kulle kanki, ki ci gaba da addu'a a sujada, mu ma muna yi. Ranar Litinin zan biyo da safe kafin in wuce ofis in kai ki wurin likitar in gabatar da ke, ki sa takalmi rufaffe da hijabin da ba kya jin ɓacinsa. Ki gaishe min da Hajiya da kyau, ki ce mata maganin shafawar yana wurina zan taho da shi.

Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Abbanki