Ga Wanda Ya Tare A Sabon Gida Ya Tarar Da Ƙarangiya: A Auna Ruwa Kafin A Dasa Ciyawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da 'yan'uwanmu da Allah ya hore wa gida a Katsina, ko a rukunin gidaje irin su Barhim da Goruba, ko a sababbin unguwannin bayan gari, suka tare suka tarar da harabar ta koma daji. Gidan da ya yi damina biyu ko uku a rufe, abin da za a iske a cikinsa sananne ne: ƙarangiya, tsaido, kashin yawo, tafasa, rai-ɗore, tumfafiya a jikin katanga, ga aya-aya duk inda famfo ke yoyo. Mai gida sai ya kira yara su kankare ƙasa tas, ya sa wuta, ya sayo ciyawar ado ya shimfiɗe filin baki ɗaya. Kafin Afrilu ta fita ciyawar ta ƙone, ruwan farko na sauka kuma ƙarangiya ta dawo fiye da da.

Shawararmu ita ce a fara da lissafin ruwa tun ba a taɓa fartanya ba. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas kuma mai gida ne zai shayar. Ciyawa na bukatar kimanin lita 25 a mako a kan kowace murabba'in mita, a tsakiyar bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ta nemi lita 35 zuwa 40. Fili mai mita 5 da mita 6, wato murabba'in mita 30, zai sha lita 750 a mako, jarka 30 ke nan mai lita 25, a bazara kuma kusan jarka 48. Wanda ya ce zai rufe rabin fuloti mai ƙafa 50 da 100 da ciyawa, yana maganar lita dubu biyar da ɗoriya ne kowane mako. Idan gidan ba shi da rijiyar burtsatse, ruwan famfo na madatsar Ajiwa yake jira ko 'yan ga-ruwa, to wannan nauyi ba zai ɗauku ba. A ware ɗan wurin da za a iya shayarwa, inda yara za su yi wasa a kuma shimfiɗa tabarma da yamma, a yi masa aiki mai kyau. Sauran filin a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 5 zuwa 7, ko a dasa itatuwa, ko a yi daɓe.

Sai sharar farko. Kada a sa wuta. Wuta tana cinye ɗan takin da ke saman ƙasa, tana narka bututun roba da wayar lantarki da aka binne sama-sama, iri kuma da ke cikin ƙasa yana nan lafiya lau. A sare da adda ko lauje, mai aikin ya sa takalmi mai rufi saboda maciji da kunama, a kwashe a fitar daga gidan. Ƙayar ƙarangiya da ta tsaido da suka zube, a ja tsohon bargo ko buhun algarara ko guntun katifa a kansu sau da yawa, za su manne a jiki, sai a ƙone wannan a waje. Kowace ƙaya iri ce, kuma irin tsaido yana iya yin shekaru a ƙasa yana jiran ruwa.

Bayan nan a sa diga a haƙa zurfin santimita 20 zuwa 25. A nan ake gane dalilin da ya sa ciyawar baya ta mutu. Yawancin sababbin gidaje, a ƙarƙashin ɗan yashin da aka watsa akwai ɓaraguzan bulo, da busasshen siminti inda magina suka yi kwaɓi, da ledoji, da marmarar da aka yi ciko da ita motoci suka danne. Saiwa ba ta ratsa wannan. Duk a tsince a fitar. A daidaita wurin da manjagara, a ba shi ɗan gangare daga jikin gini zuwa magudana domin ruwan Agusta kada ya kwanta a gindin bango.

Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka sai an haɗa ta da takin gargajiya, kilo 3 zuwa 5 a kowace murabba'in mita, a cuɗa shi da ƙasar sama. Amma ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin shanu da na awaki cike yake da irin duk abin da dabbar ta ci a daji, yana kuma kiran gara; na kaji kuma ɗanyensa ƙona saiwa yake yi. A tara shi, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu har wata biyu, sai ya yi baƙi ya daina wari da zafi.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne wanda ya fi rage wahala. Bayan an gyara wurin, kada a dasa komai. A shayar da shi kamar an yi shuka, a jira kwana 10 zuwa 14. Duk irin da ke kusa da sama zai tsiro. A bi shi da fartanya sama-sama, kada a wuce zurfin santimita 2, domin noma mai zurfi sabon iri yake tonowa daga ƙasa. A sake shayarwa, a sake jira, a sake kankarewa. Zagaye biyu ko uku a watan Mayu da farkon Yuni sun fi feshi goma daga baya.

Aya-aya ita ce mai taurin kai, kuma tana bukatar a fahimce ta. Abin da ake gani a sama ganye ne kawai. A ƙasa tana da 'ya'ya jere a kan zare kamar carbi, idan aka fizge ganyen zaren ya tsinke, kowane ɗa sai ya farka ya fito da kansa. Shi ya sa mai tugewa da hannu yake ganin kamar ƙara ta yake yi. Maganinta rana ce: a haƙe wurin a Maris ko Afrilu, a bar ƙasar a buɗe babu ruwa, a juya ta duk mako, 'ya'yan da suka fito sarari su bushe su mutu, waɗanda aka gani a tsince. A kuma gyara famfon da ke yoyo, domin danshi take bi. Tumfafiya ita ma sai an haƙo saiwarta mai zurfi, a kiyaye kada ruwanta ya shiga ido.

Idan aya-aya ko tofa ta yi yawa har sai an yi feshi, maganin gilaifoset, irin su Roundup, shi ke bin ganye ya sauka har saiwa. A injin goyo mai lita 16 ana zuba kimanin mililita 150 zuwa 200 ga ƙananan ciyayi, 250 zuwa 300 ga masu saiwa mai zurfi, amma abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne hukunci. Yana aiki ne a kan ɗanyen ganye mai girma, don haka fesa shi a busasshiyar ƙasa ko a kan ciyawar da aka sare yanzu asarar kuɗi ce. A haɗa shi da ruwa mai tsabta, domin ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfinsa. A yi da safe babu iska, a ranar da ba a sa ran ruwa cikin awa 6, a ba shi kwana 7 zuwa 14 kafin a taɓa wurin. Ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai mutu. Maganin feshin da ake kira farakwat kuwa a guje shi sam: ganye kawai yake ƙonawa saiwa ta sake tohowa, ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe mutum, hukumar NAFDAC ma ta sa shi cikin magungunan da ta hana. Muna roƙon iyaye da babbar murya, kada a juye ragowar magani a gorar lemo, kada a ba rago ciyawar da aka fesa, kuma a gaya wa mutanen gida kada su tsinki tafasa ko zogale a wurin domin kwaɗo.

Wace ciyawa za a dasa? Mu dai kiri-kiri muke zaɓa wa Katsina da Daura. Manomi yana ganin ta abokiyar gaba, amma halin da ya sa ya tsane ta shi ake nema a tsakar gida: tana jure fari da tattaki, tana yaɗo ta rufe gurbi da kanta. Ciyawar ado mai faɗin ganye da ake kawowa daga kudu ta fi son danshi da inuwa, a filin rana kuma sai da ruwa mai yawa. Aibin kiri-kiri biyu ne. Ba ta yi a inuwa, tana son rana ta awa 6 ko fiye, don haka a ƙarƙashin bedi ko mangwaro kada a wahalar da kai. Sannan tana kutsawa cikin fulawa, sai an kewaye ta da bulo da aka binne zurfin santimita 20.

A dasa ta idan ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. A yanka jijiyoyinta tsawon taƙi guda, kowace da gaɓa biyu ko uku, a binne zurfin santimita 3 zuwa 5 a bar kan a waje, tazara santimita 20, a taka da ƙafa. A duba abin da aka sayo da kyau, domin sau da yawa aya-aya a cikin ƙasar dashen take shigowa gida. Mako biyu na farko kada saman ƙasa ya bushe. A mako na uku a watsa NPK 15-15-15, giram 30 a murabba'in mita, wato kusan kilo 1 ga filin nan mai mita 30. Bayan mako shida a bi da yuriya giram 10 a murabba'in mita, a kan busasshen ganye, a shayar nan take, in ba haka ba za a ga tabo-tabo kamar an zuba tafasasshen ruwa. Cikin wata biyu zuwa biyu da rabi za ta haɗe.

Da zarar ta haɗe, yanka shi ne babban maganin haki. A riƙe ta a tsawon santimita 3 zuwa 5, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a yanka guda. Masu barin ta ta yi tsawo sannan su aske ta har ƙasa suna buɗe wa rana hanya ne ta tayar da irin harƙiya da gude-gude. Tsaido da kashin yawo a cire su da wuƙa tun kafin su yi fure. Tsaido yakan fitar da furensa rawaya cikin makonni kaɗan da tsirowa. Idan irin waɗannan ciyayi masu faɗin ganye sun yi yawa, maganin 2,4-D yana kashe su ya bar kiri-kiri, amma sai bayan an yi yanka uku, kuma tururinsa a rana mai zafi yana nannaɗe ganyen tumatir da gwanda da zogale har na maƙwabta. A ƙaramin fili hannu ya fi.

Shayarwar rani kuma a yi ta da sassafe, sau biyu ko uku a mako, mai ratsawa. Yayyafin kullum saiwa yake tsayarwa a sama. A ajiye gwangwanin madara a wurin, idan jimillar ruwan mako ta kai santimita 2 da rabi a cikinsa, ya isa, a tsakiyar bazara kuma sai ta kai 3 da rabi zuwa 4. Ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya a juya shi can, na omo da bilic kuwa a kai magudana. Idan hunturu ya shiga kiri-kiri takan yi fari-fari ta rage girma. Ba mutuwa ta yi ba, kada a ɗura mata taki; a rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako, a koma cikakkiyar shayarwa idan sanyi ya fita a ƙarshen Fabrairu.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu aikin lambu da gyaran harabar gidaje,
Katsina.