Zuwa ga Hajiyar da ta kira daga Gusau kan maganin feshin hanci

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranar da kika bugo waya a shirin lafiya na rediyo lokaci ya ci mu, mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, na ba ki amsa a tsaitsaye wadda ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Kin ce duk hunturu ke da ɗanki mai shekara 9 ba ku da sukuni: atishawa a jere, hanci yana zuba kamar famfo, ido yana ƙaiƙayi. Likita ya rubuta muku Avamys. Da kika ga an rubuta sitiroyid a takardarsa gabanki ya faɗi, don kin ga yadda sha-ka-fashe ya kumbura fuskar wata 'yar'uwarki. Kin daure kin fesa kwana uku, ba ki ga canji ba, ga jini-jini a majina, sai kika ajiye kika koma Otrivin mai buɗe hanci nan take. Tambayarki ita ce, wanne ya fi hatsari?

Wanda kika koma wa, Hajiya.

Tsoronki ba na banza ba ne. Ƙwayar deksa da ake sha don a yi ƙiba sitiroyid ce, kuma ina ganin aikinta a kanti: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, sukari da hawan jini su biyo baya. Amma ita haɗiye ta ake yi, ta bi jini ta zagaye jiki kaf. Na feshin an ƙera shi ne ya zauna a fatar cikin hanci, inda kumburin yake. Abin da ke shiga jini daga Avamys ko ɗan'uwansa na feshi Nasonex bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ɗan abin da ya gangara ciki ma hanta tana lalata shi. Sunan dangi ne ya haɗa su, hanya ta raba.

Otrivin kuwa matse jijiyoyin jinin hanci yake yi, shi ya sa cikin mintuna kaɗan numfashi yake buɗewa. Idan aka wuce kwana 7 ana amfani da shi, hancin yakan saba, da ƙarfinsa ya sake sai toshewar ta dawo fiye da da. Akwai wani direba da yake zuwa wajenmu, kwalba ɗaya a aljihun riga, ɗaya a mota, ɗaya ƙarƙashin matashi. Shekara biyu yana cewa mura ce ta ƙi sakinsa, alhali maganin ne ya riƙe shi.

Kwana ukun da kika yi ba su isa a yanke hukunci ba. Wannan magani ba buɗe hanci yake yi ba, kwantar da kumburi yake yi, kuma sannu a hankali. Wasu suna jin sauƙi tun ranar farko, amma cikakken aikinsa sai an jera kwanaki, wani lokacin har mako biyu. Kuma kullum ake fesa shi, ranar da hanci ya toshe da ranar da yake lafiya. Tun da kin san lokacin da abin yake tasowa, baɗi in Allah ya kai mu ki fara tun ƙarshen Oktoba, kafin hazo ya sauko.

Ga adadin. Kowace fesawa ta Avamys maikirogiram 27.5 ce. Babba, da yaron da ya kai shekara 12, sau biyu a kowace kafar hanci, sau ɗaya a rana. Idan abin ya lafa a rage zuwa ɗaiɗai. Ɗanki, da yake tsakanin shekara 6 da 11, sau ɗaya a kowace kafa. Kwalba mai fesawa 120 wata guda za ta yi miki, idan ta ƙare a mako biyu to kina wuce ƙa'ida. Idan kin manta yau, kada ki ninka gobe. Nasonex da Flixonase ma sau ɗaya ne a rana, amma Beconase safe da yamma ne, don haka idan mai kemis ya ce babu wanda aka rubuta, ga ɗan'uwansa, ki tambayi adadin sabon, kada ki ɗora shi a kan na tsohon. Kowa da kwalbarsa kuma, ke da yaron.

Jinin da kika gani, kusan na tabbata daga hannu ne. Yawancin mutane sukan ɗaga kai sama, su cusa bakin kwalbar, su zuƙa da ƙarfi kamar mai shaƙar taba. Sai maganin ya daki bangon da ya raba kafofin hanci biyu, wanda fatarsa siririya ce mai yawan jijiya, ga hunturu ya riga ya busar da ita. Sauran ya wuce maƙogwaro ki ji ɗaci. Ki fyace majina tukuna, ki girgiza kwalbar sosai. Ki ɗan sunkuyar da kai kamar mai duba yatsun ƙafarta. Hannun dama ya fesa kafar hagu, na hagu ya fesa ta dama, haka bakin kwalbar zai karkata wajen kunne da kansa, ya bar bangon tsakiya. Ki ja numfashi a hankali, irin na mai sansana turare, ki fitar ta baki. In kin ji ɗaci kin zuƙa da yawa. Idan bakin kwalbar ya toshe kada ki sa masa allura. Wanke hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa a kemis kafin fesawa yana taimakawa ƙwarai a lokacin ƙura. In haɓo ya zo sosai, a dakata kwana biyu ko uku, in ya sake dawowa a je wurin likita.

Ba zan ce miki babu abin lura ba. A yara, an ga irin Beconase yana ɗan rage saurin tsawo idan aka daɗe a kansa, shi ya sa likitoci suka fi son sababbin, a adadi mafi ƙanƙanta. Idan yaron zai yi watanni yana fesawa, a riƙa auna tsawonsa, a kuma gaya wa likita idan yana shaƙar maganin asma, domin shi ma akwai mai sitiroyid a ciki, lissafin ya haɗu. Mai hawan jinin ido ko yanar ido, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki a hanci kwanan nan, su faɗa kafin su fara. Haka mai shan maganin ƙanjamau da ke ɗauke da ritonabir: yana hana hanta lalata wannan sitiroyid, sai ya taru a jini ya yi irin ɓarnar da kike tsoro. Wannan kam ba a ɓoye wa likita.

Ki ajiye Otrivin, ki sa rai da 'yan kwanaki na toshewa kafin hancin ya dawo hayyacinsa, ki ba Avamys wata guda cif. In bai yi ba, ko toshewar ta tsaya a kafa ɗaya, ko majinar yaron ta zo da wari daga gefe guda, a kai shi a leƙa hancin. Yara suna cusa ƙwayar wake da dutsen ado su yi shiru.

A gaida yaron. Allah ya ba ku lafiya.

Ɗan'uwanki,
mai harhaɗa magunguna, Kano