Godiya ga Hukumar NIHSA daga Bakin Kogin Haɗeja

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan NIHSA, hukumar da ke sa ido kan kogunan Najeriya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne daga ƙasar Auyo a Jihar Jigawa, in yi muku godiya a bainar jama'a saboda taswirar hasashen ambaliya da kuke fitarwa kowace shekara kafin damina ta kankama.

Mu nan ba baƙin ruwa ba ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su gangaro mana, ga dam ɗin Tiga da na Challawa a samanmu, ga kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasanmu. Idan marka ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ruwan ba shi da wajen zuwa sai gonakin shinkafa da gidajen ƙasa. Mun gani a 2020, mun sake gani a 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasar nan.

Gargaɗi a rediyo ba sabon abu ba ne. Amma in aka ce "a tashi daga bakin kogi", kowa sai ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Taswira kuwa ba ta barin mutum ya kau da kai. Ni malamin firamare ne. Da taswirarku ta shigo wayata, sai na kai shago aka buga min ita babba, na bi layin kogin da alƙalami, na rubuta sunayen garuruwanmu da ajami, na kai zauren bulama bayan La'asar. Wani dattijo da bai taɓa shiga aji ba ya ɗora yatsa a kan Ringim, ya biyo ruwa har Haɗeja, ya tsaya a kanmu. Ya tambaye ni me launin nan ke nufi, na ce masa muna cikin masu haɗari sosai. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ai sai a fara da rumbuna."

Haka aka yi. Aka kwashe hatsi zuwa gidajen 'yan'uwa da ke kan tudu, matasa suka cika buhunan yashi suka ƙara wa jinga tsayi, masu kwale-kwale suka liƙe ɓarakarsu tun da wuri. Ba kowa ya yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba: barin gidan gado ba wasa ba ne. Sai dai ko masu gardamar, a kan takardar suke nuna hujjarsu.

Na kuma yaba da yadda a 2025 kuka sauko da hasashen daga matakin ƙaramar hukuma zuwa ambaton garuruwa. Ƙaramar hukuma ɗaya tana da tudu tana da kwari, kuma mai fadama ya fi son a kira sunan garinsa.

Roƙona ɗaya: ku riƙa buga taswirar da Hausa, boko da ajami, a aiko wa dagatai da limamai kafin a yi shuka. Bangon makarantarmu yana nan, na tanadi wajen liƙa ta.

Allah Ya saka muku da alheri.

Naku,
Wani malamin firamare daga ƙasar Auyo