Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya haɗa mana fankokin rumfar tumatir

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Amsar da injiniyanku ya ba mu a waya ranar Talata, 8 ga Afrilu, da ƙarfe 2 na rana, ita ta sa muka fito da maganar nan fili. Mun shaida masa zafin cikin rumfar leda ya kai digiri 44, furen tumatir sai zuba yake yi. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Alhaji, ku yaye ragar gefe mana, ai iskar Allah kyauta ce," ya kashe waya. Tun daga nan ba wanda ya sake ɗaukar kiranmu.

Ranka ya daɗe, ragar nan ce ke tare farin ƙuda da tsutsar Tuta absoluta wadda ta cinye tumatirin Kadawa a 2016. Ita za mu yaye?

Rumfar nan faɗinta mita 8, tsawonta 24, tsayinta kusan 4, wato tana ɗaukar iska kimanin kubik mita 770. Da bazara ana so iskar ciki ta sauya kaf sau ɗaya kowane minti, kusan kubik mita 46,000 ke nan a awa. Takardar cinikinmu ta ce fanka mai inci 50, a kanta muka biya naira miliyan 3 da dubu 400. Kuka kafa ƙanana biyu masu inci 24, waɗanda ko rabin wannan iskar ba sa ja. Allon sanyaya iska, wato jiƙaƙƙen allon da iska ke ratsawa ta yi sanyi, da ya kamata ya zauna a bangon da ke fuskantar fankokin, kuka maƙala shi a gefensu. Iska na shiga tana fita nan take, ƙarshen rumfar kuwa ko ganye ba ya motsi. Fankokin zagaya iska na sama ma kun sa suna kallon juna, maimakon jeri ɗaya ya tura gaba, ɗaya ya dawo da ita. In zafi ya wuce digiri 35, furen tumatir ba ya ɗaura 'ya'ya, kuma kun san haka.

Muna so ku kawo fankar da muka biya, ku mayar da allon inda ya dace kafin ƙarshen wata, ko ku dawo mana da kuɗinmu. Maƙwabtanmu ma irin aikin da kuka yi musu ke nan. Kayan da za su iya wadatarwa a sanyin Jos kuke jibge wa manoman Kano ba awo ba lissafi, don kun ɗauka manomi ba zai bincika ba. Wannan ha'inci ne, kuma ba za mu yi shiru ba.

Naku,
Wasu manoman tumatir, Kura, Jihar Kano