Saƙon gida: watan Cika-ciki ya kama

Assalamu alaikum, iyayenmu, yayye da ƙanne mazauna Saudiyya, Ingila, Amurka da sauran ƙasashe. Kwamitin ƙungiya a nan gida, ƙasar Gumel, yana gaishe ku da barka da sabuwar shekara.

Muharram ya kama, ɗaya daga cikin watanni huɗu masu alfarma da aya ta 36 ta Suratut Tauba ta yi nuni da su, tare da Zulƙi'ida, Zulhajji da Rajab. Hijirar Annabi (SAW) a shekarar 622 aka yi ta, kuma a Rabi'ul Awwal ya isa Madina, amma da Sayyadina Umar ya tara sahabbai kan batun lissafin shekara, Muharram suka zaɓa ya zama farko. Ku faɗa wa yaran da aka haifa a can, don wasunsu Janairu kaɗai suka sani.

Kada azumin Tasu'a da Ashura ya wuce ku, ranar 9 da 10. Ranar Ashura Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, kuma azuminta yana kankare zunubin shekarar da ta gabata. Ku bi ganin watan inda kuke.

To, ga abin da ya sa muka rubuto. Kun tuna daren cika-ciki? Iya ta sauko da busasshiyar jelar ragon layya, a tuƙa tuwo maƙil, a ce kowa ya ci har ya bari. Taubasai kuwa sai bin juna kuɗin shara (Alhajinmu na Jidda, naka na bara yana nan ana lissafawa). Malamai sun yi saɓani kan hadisin yalwata wa iyali a wannan rana, mu dai ba fatawa muka zo bayarwa ba. Abin da muke gani da ido shi ne, shekarar wata tana ja da baya da kusan kwana 11, har ta kawo Muharram cikin damina. Gero yana gona, rumbu ya yi ƙasa. Akwai gidajen marayu da tsofaffi da ko tuwon dare sai an yi dabara, balle cika ciki.

Shi ya sa muka yanke a auno gero da dawa a kasuwar Maigatari, a raba kafin ranar 9, limami da mai unguwa suna tsaye. Wanda Allah ya hore wa ya tura wa ma'aji ta hanyar da aka saba, ko na tiya ɗaya ne. Za mu sa hoton rabon a zauren WhatsApp, amma ban da fuskokin masu karɓa.

Sakataren ƙungiya